Wace Tambaya Ce Za Ta Shiga Gaba? Darasi a Kan Tsara Binciken Lafiyar Uwa da Yaro a Lokacin Annoba, da Misali Daga Agege

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai aji huɗu ya san wahalar zaɓen batun kundi. Batutuwa ga su nan birjik, lokaci kaɗan ne, kuɗi kuwa ba a magana. Dole ya ɗauki ɗaya ya bar tara. To, masu binciken lafiya ma irin wannan fama suke yi, sai dai su idan suka yi zaɓen tumun dare, rayukan mutane ne ke salwanta. Abin ya fi tsanani a lokacin annoba, domin a lokacin ne kuɗi da ma'aikata da hankalin hukuma sukan karkata wuri ɗaya, alhali kuwa mata ba su daina ɗaukar ciki ba, jarirai kuma ba su daina zuwa duniya ba.

A wannan maƙala zan yi bayanin yadda masana ke jera tambayoyin bincike, su ce wannan ce ta ɗaya, waccan ta biyu. Zan ɗauki Agege ta Jihar Legas a matsayin misali, musamman abin da ya faru a shekarar 2020. Daga ƙarshe zan nuna inda ɗalibin Hausa ya shigo cikin lamarin. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk jerin da aka tsara ba tare da an ji ta bakin matan da abin ya shafa ba, kuma cikin harshensu, to cutar da ake yayi zai bi, ya bar abin da ke kashe su.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar annoba a Hausa tana nufin cutar da ta faɗa wa jama'a da yawa a lokaci guda. Bahaushe bai bambanta wadda ta tsaya a gari ɗaya da wadda ta karaɗe nahiyoyi ba, duk annoba yake ce musu. Saboda haka a nan zan riƙa cewa annobar gama-duniya idan ina nufin irin ta korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa wannan matsayi a ranar 11 ga Maris, 2020.

Fifiko shi ne gabatar da wani abu a kan wani. Tsara fifikon bincike ke nan jera tambayoyi bisa ƙa'ida, domin a san wadda za a fara kashe wa kuɗi.

Lafiyar uwa kuwa, a wurin likitoci, tana farawa daga ɗaukar ciki har zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Mai karatu zai lura cewa wannan ya yi kusa ƙwarai da kwana arba'in na jego da muka gada. Lafiyar yaro kuma an fi auna ta daga haihuwa zuwa shekara biyar.

3.0 Me Ya Sa Agege?

Hausawa sun daɗe a Agege. Fataucin goro da na shanu ne ya kai su, hanyar jirgin ƙasa kuma da ta haɗa Ikko da Kano ta ƙara musu yawa. Zangonsu, wanda Yarbawa ke furtawa Sango, yana nan da Sarkin Hausawansa da masallatai da makarantun Islamiyya. Mayankar Oko-Oba ma tana nan kusa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege mutum kimanin 460,000. Akwai wasu unguwannin irinta a Legas, kamar Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da Mile 12.

Abin da ya sa Agege ta dace da wannan darasi shi ne, ba a rasa asibiti a kewayenta ba. Ga Babban Asibitin Orile-Agege, ga na Ifako-Ijaiye, ga kuma Ayinke House, wato sashen haihuwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja. Idi-Araba ma a jikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas take. Ke nan matar da ta rasu a nan wajen haihuwa, da wuya a ce nisan asibiti kaɗai ya jawo. Dole a nemi wasu dalilan, neman dalili kuwa shi ne bincike.

Ya kamata mu san halin da ƙasa ke ciki tun kafin annobar. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin haihuwa 100,000 mata 512 ke rasuwa, a cikin yara 1,000 kuma 132 ba sa kai shekara biyar. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi haka muni: ta ce a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duk duniya. Manyan dalilan kuwa sanannu ne: zubar jini, jijjiga, zazzaɓin bayan haihuwa da doguwar naƙuda.

4.0 Darussa Biyu: Ibola da Korona

Legas ta ga annoba sau biyu a cikin shekara shida. A ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka da cutar Ibola daga Laberiya. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ce ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi a Obalende, ita ma cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, aka kuma shelanta ƙarewar cutar a ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara. A tsakanin nan ne jita-jitar wanka da shan ruwan gishiri ta bazu ta wayar salula cikin dare ɗaya, har aka samu rahoton mutuwar wasu. Wannan ya nuna mana cewa labari ya fi cuta gudu.

Saliyo ba ta tsira da sauƙi haka ba. Ibola ta kashe mutum kusan 4,000 a can. Amma wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2014 da 2015 an samu ƙarin mutuwa kusan 3,600 ta mata masu ciki da jarirai sabbin haihuwa da waɗanda ba su zo da rai ba, saboda an ƙaurace wa asibitoci. Waɗannan ba su kamu da Ibola ba, duk da haka ita ce sanadinsu.

Sai korona. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijeriya, ɗan ƙasar Italiya, a Legas a ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A ranar 29 ga Maris shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ba da sanarwar rufe Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga wata. An fara sassautawa a ranar 4 ga Mayu, aka maye gurbinta da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Dokar ba ta rufe asibitoci ba, amma abin hawa ya yi ƙaranci. Tun ranar 1 ga Fabrairu kuma gwamnatin jihar ta riga ta hana okada da keke Maruwa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja maƙwabciyar Agege. Daɗin daɗawa, a watan Afrilu ɓata-gari sun addabi Agege da kewayenta, matasan unguwanni suka riƙa kwana gadi suna ƙona tayoyi a bakin layi. Mai karatu ya auna halin matar da naƙuda ta taso wa da ƙarfe biyun dare a irin wannan yanayi.

Tun a 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Annoba takan tsawaita dukkan ukun. Tsoron kamuwa da rashin kuɗi su tsawaita na farko, rashin abin hawa da shingaye su tsawaita na biyu, ƙarancin ma'aikata da kayan kariya su tsawaita na uku.

A watan Mayu na 2020 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka yi lissafi a kan ƙasashe 118. Suka ce idan aikin asibiti da samun abinci suka ja baya na wata shida, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ƙarin mutuwar yara 253,500 da mata 12,200. Mafi muni kuwa yara 1,157,000 da mata 56,700. Hasashe ne, ba ƙidayar gawa ba, amma ya farkar da mutane.

5.0 Yadda Ake Jera Tambayoyi

Hanyoyi biyu zan kawo. Ta farko ita ce wadda aka fi sani da CHNRI, sunan wani shiri na binciken lafiya da abincin yara. An tsara ta tsakanin 2005 da 2007, Farfesa Igor Rudan na cikin jagororinta. Matakanta su ne:

i. A fayyace fage: wace jama'a, wane wuri, zuwa wane lokaci.
ii. A nemi masana da yawa kowa ya kawo tambayoyinsa, a tace masu kama da juna.
iii. Kowane alƙali ya auna kowace tambaya shi kaɗai, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba.
iv. A tara maki a jera daga sama zuwa ƙasa.

Ma'aunan da aka saba amfani da su biyar ne. Shin tambayar za ta amsu? Shin amsar za ta haifar da abin da zai yi aiki? Shin za a iya kai shi ga jama'a da kuɗin da ake da shi? Rayuka nawa zai ceta? Shin zai kai ga talaka, ko kuwa mai hali kaɗai zai amfana?

Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya ce i ya ba da maki 1, wanda ya ce a'a 0, wanda ke tsaka-tsaki rabi. Alal misali, a ce alƙalai goma ne, bakwai suka ce i, biyu suka ce a'a, ɗaya ya tsaya tsakiya. An samu bakwai da rabi cikin goma, wato kashi 75 cikin ɗari. Haka za a yi wa ma'aunai biyar ɗin, sannan a fitar da matsakaici. Amfanin wannan tsari shi ne yana hana babban farfesa ɗaya ya danne sauran da girmansa. Da irin wannan hanya ce aka fitar da jerin tambayoyin duniya a kan korona da lafiyar uwa da yaro a shekarar 2021.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙungiyar James Lind da aka kafa a Ingila a 2004. Ita majinyata da masu jinyarsu da ma'aikatan asibiti take zaunarwa wuri ɗaya, su tattauna har su fitar da tambayoyi goma da suka fi damun su. Ta farko ta fi ƙarfi wajen lissafi, ta biyu ta fi ƙarfi wajen sauraro. A ganina wuri irin Agege yana bukatar a gwama su.

6.0 Mu Gwada da Tambayoyi Biyar

Ga tambayoyi biyar da na tsara domin darasi, kamar muna zaune a watan Afrilu na 2020:

(a) Ko korona tana bin mahaifa ko nono ta kama jariri?
(b) Ko allurar riga-kafin korona, idan an same ta, za ta cutar da mai ciki?
(c) Ta wace hanya mai naƙuda za ta isa asibiti da dare idan an hana zirga-zirga?
(d) Yaya za a ci gaba da awon ciki da riga-kafin yara ba tare da cunkoso ba?
(e) Da wane harshe, kuma daga bakin wa, matar Zango ke karɓar labarin lafiya ta gaskata?

Dukkansu muhimmai ne, amma sun kasu gida biyu. Amsar (a) da (b) tana tafiya. Idan an gano ta a Landan, za ta yi aiki a Agege, domin jikin ɗan Adam ɗaya ne. Haka kuwa aka yi. Tun a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce uwa ta ci gaba da shayarwa ko da ta kamu. Ta (b) ta yi jinkiri, saboda manyan gwaje-gwajen farko na allurar ba su sa masu ciki ba, har allurar ta iso Nijeriya a ranar 2 ga Maris, 2021 ana ta tababa. Wannan ma kuskuren tsara fifiko ne, amma na duniya baki ɗaya.

Amsar (c) da (d) da (e) kuwa ba ta tafiya. Babu wanda zai amsa su a Landan ko Janiba. Idan ba a bincika su a Agege ba, haka za su zauna. Saboda haka, ga mai ɗan kuɗin bincike a Legas, su ne suka cancanci shiga gaba. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Tambaya ta (d) tana da hujja mai ƙarfi. Masu bincike a Landan sun lissafa a 2020 cewa a Afirka, a madadin kowane mutum ɗaya da zai iya mutuwa da korona saboda zuwa wurin riga-kafi, ana iya ceton yara har 84 idan aka ci gaba da yin allurar. A 2021 yara miliyan 25 ne a duniya ba su kammala allurar da ke kare mashaƙo da tarin shiƙa da sandarewar jijiya ba, koma-bayan da ba a ga irinsa ba cikin shekara 30. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi jin jiki, Legas ma ya taɓa ta. Mafi yawan yaran da suka kamu ba su da cikakken riga-kafi.

Sai batun su wa za su yi alƙalanci. Idan likitoci ne zalla, (a) da (b) za su iya hayewa sama, domin su ne irin tambayoyin da aka horar da su a kai. Amma a zaunar da ungozoma da ma'aikaciyar jinya da malamar Islamiyya da mai jego da mijinta da ɗan keke, jerin zai sauya kama. A Legas akwai hukumar magungunan gargajiya ta jiha da ke yi wa ungozomomi rajista, saboda haka nemo su ba zai gagara ba.

7.0 Inda Ɗalibin Hausa Ya Shigo

Kafin a ji ta bakin mutum sai an tambaye shi, tambaya kuwa da harshe ake yin ta. A nan ne takardar tambayoyi da aka rubuta da Ingilishi aka fassara a gurguje ke tuntuɓe. Ga misalai:

Kulle. Da wannan kalma aka fassara dokar zaman gida ta 2020. Amma a wurin matar aure kulle yana da tsohuwar ma'ana. Idan aka ce mata, "Kulle ya hana ki zuwa awo?" ta ce i, wanne take nufi, na gwamnati ko na maigida? Maganin kowanne daban ne.

Takunkumi. Asalinsa abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne. Ya kamata mai bincike ya lura ko sunan ya taimaka wajen sa mutane su ƙi abin.

Jijjiga. Likita ya san hawan jinin masu ciki ne ke kawo ta. A gidaje da yawa kuwa iska ake dangantawa da ita, sai a fara neman hayaƙi da tofi. Tambayar da ta ce "Kin taɓa hawan jini?" ba za ta kamo wannan ba.

Ƙidayar 'ya'ya. "'Ya'yanki nawa?" tambaya ce mai nauyi. Wata kunya za ta hana ta ambaton ɗan fari, wata kuma ba za ta lissafa wanda ya koma ba. Bahaushiya ta bambanta ɓari da bai zo da rai ba da ya koma. Idan fassara ta cakuɗa su, alƙaluman mutuwar jarirai sun lalace tun daga tushe.

Ciki. Mace ba ta cika bayyana ƙaramin ciki ba, sai dai a ce tana da juna biyu, ko a ce ba ta jin daɗi. Namiji baƙo da ya tsaya a zaure yana tambaya ba zai ji komai ba.

Goyon ciki. Al'ada ce mai cikin fari ta tafi gidan iyayenta ta haihu. Ga 'yar Agege, gidan iyayen yana iya kasancewa a Kano ko Katsina ko Maraɗi. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi a 2020, wa ya karɓi irin waɗannan haihuwa, wa ya yi musu wankan jego? Wannan tambaya ce ta bincike sosai, kuma wanda bai san al'adar ba ba zai ma kawo ta cikin jeri ba.

Haka nan Hausar Agege ba ta Kano ba ce sak. Ta sha Yarbanci da Ingilishin buroka. Dole a gwada takardar tambayoyi a bakin 'yan unguwa kafin a fita da ita.

Akwai kuma batun yarda. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya haɗa da yara kusan 200, 11 suka rasu, shari'a ta biyo baya a kan ko iyaye sun fahimci abin da suka amince da shi. A 2003 kuma aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda zargi. Mutanen Agege suna da dangi a can, labarin kuwa bai mutu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka takardar neman amincewa da aka rubuta da Hausa mai sauƙi, aka kuma karanta wa wadda ba ta karatun boko, ginshiƙi ce a bincike.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga ma'anar tsara fifikon bincike, da hanyoyi biyu na yin sa, da kuma yadda annoba ke kashe uwa da yaro ta bayan fage. Mun ga cewa tambayoyi iri biyu ne, masu amsar da ke tafiya da masu amsar da ba ta tafiya, kuma na biyun su ne hakkinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona a ranar 5 ga Mayu, 2023, amma wata annobar za ta zo, tun ran gini kuwa ake zane.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai masu neman batun kundi ita ce su leƙa wannan fage. Ana iya tattara kalmomin ciki da haihuwa da jego a Hausar Agege a kwatanta da ta Kano. Ana iya nazarin fassarar sanarwar korona da aka watsa a rediyo a 2020. Ana iya ɗaukar takardar tambayoyi guda a fassara, a ba wani ya mayar da ita Ingilishi, a ga abin da ya zube a hanya. Likita yana da magani, mai lissafi yana da alƙalumma, amma matar da ke cikin ɗaki a Zango sai da mai jin harshenta za ta faɗi abin da ke damun ta. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya, amin.